Kada Mu Bar Wa Gara Wasiƙun Fatake

Muna roƙon Edita ya ba mu ɗan fili a cikin wannan fitowa, mu kawo wata magana gaban 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu. Maganar kuwa ta tsofaffin takardu ce, irin waɗanda a kan tarar a ƙasan adaka ranar rabon gado, a duba a ga ba ta gida ba ce, ba ta gona ba, sai a ture su gefe guda.

Abin da ya ta da ita shi ne, da hutun da ya wuce ɗaya daga cikinmu ya je gida ya tarar ana gyaran wani soro da damina ta ci. A cikin tarkacen da aka fitar akwai wata gafaka ta kakan mahaifinsa, wanda ya yi fataucin goro. Da aka kwance ta sai ga jar ƙasa tana zubowa, ashe gara ta riga ta yi gini a ciki. Daga takardun da kaurinsu zai kai yatsa uku, huɗu kaɗai suka karantu, su ma gefensu ya tafi. Ɗaya daga Kumasi aka rubuto ta. Mai ita yana gaya wa wansa yawan huhun goron da ya aiko da sunan wanda ya danƙa wa, sa'an nan ya ce lalle a biya wata tsohuwa bashinta kafin azumi. Ba wanda ya rage a gidan da ya san ko wace ce tsohuwar. Sauran guntayen kuwa aka tattara su aka ƙone, don akwai bisimilla a kansu, kada a tattaka. Mu dai a ganinmu abin da aka yi hasara ran nan ya fi soron daraja nesa ba kusa ba.

Dukanmu mun karanta Tarihin Kano, mun san Bagauda, mun san Muhammadu Rumfa da kasuwar Kurmi. Littafin ya faɗa mana a zamanin Abdullahi Burja aka buɗe hanya zuwa Gwanja. To, madalla. Amma nawa a ke sayen ƙwaryar goro a can, nawa a ke sayar da ita a nan? Wa ya ba falke jari, yaya suka raba riba, in jaki ya mutu a hanya hasarar wa ce? Marubucin sarakuna ba ya tsayawa kan irin waɗannan, ba kuwa laifinsa ba ne, ba su aka sa shi ba. Wanda ya ke rubuta su shi ne wanda dukiyarsa ke kan hanya, barci ya ƙi zuwa masa.

Bari mu ba da misalin wani gida da ya riƙe takardunsa, a ga abin da aka samu. A cikin hamada, a ƙasar Libiya, kusa da inda iyakarta ta haɗu da ta Tunisiya da Aljeriya, akwai wani gari da a ke kira Gadamas. Garin ƙarami ne, dabino da ruwan marmaro su ne arzikin ƙasarsa, amma mutanensa sun shahara da fatauci, suna da gidaje da wakilai a Tarabulus da Tunis da Gat da Tumbuktu da Kano. Lokacin da Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, ya tarar da su zaune da iyalinsu da shagunansu. Su da sauran Larabawa su ne Turawan farko a bakin Kanawa, shi ya sa har yau akwai unguwar Dandalin Turawa a cikin birni, ga wanda ya taɓa mamakin sunan. Barth ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, a lokacin da wuri 2,500 ke daidai da riyal ɗaya na azurfa. Ya kuma lura da wani abin ban mamaki, watau turkuɗin Kano da za a sayar a Tumbuktu sai ya fara yin arewa ta Gat da Gadamas tukuna ya juyo yamma. Zagaye ne mai nisa ƙwarai, amma nan ne amana da jari su ke.

A cikin gidajen Gadamas akwai wanda a ke kira gidan Yusha'u. Sun yi ta tara wasiƙun da su ke samu daga 'yan'uwa da abokan ciniki shekara da shekaru, ba su yar ba. A 1982 wani jikan gidan, Bashir Kasim Yusha'u, ya buga wani kashi nasu a Tarabulus, waɗanda suka fara tun daga Hijira 1228, watau 1813. Daga baya wani malami Bajamushe, Ulrich Haarmann, ya zauna ya yi nazarinsu, ya fitar da bayaninsa a 1998. Ba sarki ba ne ya rubuta takardun nan, ba waziri ba ne. Gaisuwa ce mai tsawo ga wane da wane, sai lissafin kaya, sai farashi, sai maganar bashi, sai labarin wanda ya rasu da wanda ya yi aure, sai ƙorafin an daɗe ba a ji daga gida ba. Duk da haka daga irinsu ne masana suka fahimci yadda fataucin hamada ke tafiya a hannun masu yinsa.

Ku dubi abin da wasiƙa ta ke ɗauke da shi a wancan zamani. Ayari ya tashi daga Tarabulus ya bi ta Gadamas da Gat da Azbin da Damagaram, sai ya yi watanni kafin ya ga ganuwar Kano. Yana kawo yadin Manchester da alharini da duwatsun ado da sukari da takardar nan mai alamar jinjirin wata uku, wadda a ke yi a arewacin Italiya, wadda malamanmu suka rubuta Alƙur'ani a kanta. Yana komawa da hauren giwa da gashin jimina da jemammiyar fatar akuya. Mai dukiya yana zaune a Gadamas, wakilinsa yana Kano, watakila su shekara biyar ba su ga juna ba. Abin da ya haɗa su ƙiradi ne, kamar yadda muka karanta a Risala: wannan ya ba da jari, wancan ya yi wahalar tafiya, a raba riba bisa yadda aka shirya, in kuwa jari ya halaka ba da sakaci ba, hasarar mai jari ce. To, ta yaya za a san da sakaci ko babu, alhali abin ya faru a bayan tafiyar wata uku? Sai da takarda. Ita ce shaida, ita ce littafin lissafi, ita ce jarida. Farashin da wakili ya rubuta yau, kafin ya isa hannun ubangidansa kasuwa ta juya, saboda haka dole a ba shi ikon ya yi abin da ya ga ya fi, a kuma yarda da shi. Da gashin jimina ya faɗi a kasuwannin Turai cikin shekarun 1880, bayan da mutanen Afirka ta Kudu suka cika kasuwa da na jiminun kiwo, wanda ya sayi kaya da tsada a Kano bai san an karya shi ba sai da takarda ta zo.

Mu da muka yi makarantar allo bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, maganar rubuta bashi ta ke yi, da marubuci mai adalci, da shaidu. Kakanninmu kuwa ba su jahilci wannan ba. Kowane babban ayarin goro, bayan madugu da jagaba da uban dawaki, yana da malamin ayari, shi ke jan salla, shi ke duban ranar tashi, shi ke rubutu. Alhaji Umaru na Karaci, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete Karaci a 1934, tun yana saurayi kamarmu, a 1877, ya tsara littafi guda na koyar da yadda a ke rubuta wasiƙa. Ba a yin littafin koyar da sana'ar da ba ta da masu nema. Don haka kada wani ya ce mana Hausawa da ka su ke ciniki, ba su rubutu. Sun rubuta. Ajiyewa ce ta gagara.

Sai zamani ya juya. Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano a 1903, Italiya ta faɗa wa Tarabulus a 1911, a shekarar nan kuma dogo ya iso Kano. Kayan da raƙumi ke yin watanni da su sai ga shi jirgin ruwa ya sauke a Ikko, jirgin ƙasa ya kawo cikin 'yan kwanaki. Daga 1912 gyaɗa ta zama ita ce magana. Wasiƙar ciniki ba ta mutu ba, sai dai ta sake hannu, ta koma ta kamfani, da Turanci, da tambari, ana ajiye kwafinta a ofis.

A cikin waɗannan kamfanoni ɗaya na gida guda ne, shi ne na John Holt. Mutumin nan an haife shi a Ingila a 1841, ya zo tsibirin Fernando Po a 1862 yana yaron kanti, shekarunsa ba su wuce namu ba. Ya sayi kantin ubangidansa, ya jawo 'yan'uwansa Jonathan da George, har a 1897 suka kafa kamfani a Liverpool. Ya rasu a 1915. Shi da 'ya'yansa ba su yar da takarda. Littafin da ya ke rubuta abin da ya same shi yau da gobe an buga shi a 1948, wasiƙunsa kuwa suna ajiye a Oxford da Liverpool, har wata malama, Cherry Gertzel, ta yi digirinta a kansu a 1959. Daga nan aka san rigimarsa da Kamfanin Neja, wanda gwamnatin Ingila ta ba ikon kogin Kwara daga 1886 zuwa ƙarshen 1899, ya hana sauran 'yan kasuwa sakat. Daga nan kuma aka san abotarsa da Mary Kingsley, da yadda ya taimaki E. D. Morel wajen tona zaluncin da a ke yi wa mutanen Kwango. Ba mu hana shi yabon da ya cancanta. Amma fa ɗan kasuwa ne, riba ta kawo shi, kuma kamfanonin Liverpool na zamaninsa sun sayar da barasa mai yawa a bakin teku. Abin da mu ke so a lura da shi shi ne, in za a yi shari'ar cinikin wancan zamani, shi ya zo da shaidunsa a rubuce, daki-daki. Dillalin da ya auna masa kaya, da manomin da ya noma, da ɗan dakon da ya ɗauka, sai abin da akawun kamfani ya ga dama ya rubuta a kansu. Mai shari'a kuwa, ko da ya so adalci, da abin da aka kawo gabansa zai yi hukunci.

Kowa ya san sunan Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya fara da goro, ya zama mai sayen gyaɗa ga Kamfanin Neja a 1918, ya rasu a 1955. Yara ma sun san labarin da a ke bayarwa na raƙuma 20 na kuɗin azurfa da ya kai banki a 1929. Amma a bayan Ɗantata akwai ɗaruruwan Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari waɗanda ba su yi suna ba, su ne kuwa suka taka hanyar. Da Paul Lovejoy ya zo neman labarinsu a 1969 da 1970, don littafinsa na fataucin goro da ya fito a 1980, sai da ya bi tsofaffi gida gida yana tambaya. Allah ya sa ya tarar da su da rai. Yau waɗannan tsofaffi duk sun kwanta dama, abin da ya rage sai abin da ke cikin gafaka, in gara ta bari.

Mun san za a kawo mana hujjoji, don mun riga mun ji su a gida. Na farko a ce asirin gida ne, akwai bashi a ciki, akwai faɗan wa da ƙane. Gaskiya ne, ba kuwa mu ce a buga takardar kowa a jarida ba da yardarsa ba. Amma bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma bashin da aka ci shekara 120 da suka wuce ba ya kunyata mai rai. Abin da ya fi wannan nauyi, wanda ba a cika faɗinsa a fili ba, shi ne a cikin waɗansu takardu akwai sunayen bayi, da kuɗin da aka saye su. Wannan abu ne mai ɗaci, ba mu da niyyar shafa masa zuma. An sayar da mutane a kasuwannin ƙasar nan, an kuma kora su ta hamada. Sai dai ƙone takarda ba ya mai da abin ya zama ba a yi ba, illa iyaka ya shafe sunan wanda aka zalunta karo na biyu. A Tumbuktu an sami wasiƙun wani gidan Gadamasawa waɗanda wakilansu na ciniki bayi ne, suna rubuto wa ubangidansu labarin kasuwa, suna sarrafa dukiya mai yawa. Bruce Hall ya yi bayaninsu a 2011. In da an ƙone don jin kunya, da ba wanda zai san waɗannan mutane sun taɓa zama a duniya, balle a ji maganarsu.

Waɗansu malamai kuma su kan duba su yi murmushi, su ce Larabcin karyayye ne, ba nahawu ba i'irabi. Allah ya gafarta malam, ai ba don a koyi nahawu aka rubuta ba. Wasiƙun gidan Yusha'u ma cike su ke da Larabcin kasuwa. Inda marubuci ya rasa kalma ya saka ta garinsu, nan ne mu ke jin yadda mutane ke magana.

Hujjar da ta fi ba mu wuya ita ce ta bisimilla, domin niyyar masu ita kyakkyawa ce, mu ma da ita aka rene mu. Ba wanda zai so ya ga sunan Allah a juji. Amma ƙonewa ba ita kaɗai ce hanyar girmamawa ba. Yahudawan tsohuwar Alkahira su ma ba su yar da takarda mai sunan Allah, sai suka keɓe wani ɗaki a wurin ibadarsu suna zubawa a ciki ɗaruruwan shekaru. A 1897 Solomon Schechter ya kwashe mafi yawansu zuwa Cambridge, sai ga wasiƙun fatake a ciki tun na wajen shekara 900 da suka wuce, waɗanda suka bayyana cinikin Masar da Tunis da Indiya. Dalilin da ya sa muka ƙone namu, shi ya sa su suka adana nasu. Takarda a cikin akwati mai tsabta, a bisa kanta, nesa da ƙafa, ba a wulakanta ta ba.

To, mene ne namu a ciki? Nan gaba kaɗan za a rarraba mu ƙauyuka da birane, kowa da ajinsa, kuma malamin makaranta yana shiga zauren da baƙo ba ya shiga. In muka ji labarin tsohuwar gafaka, mu roƙi arziki a nuna mana. Kada mu ce a ba mu, don daga ranar da aka ji malam yana raba mutane da takardun kakanninsu ba wanda zai ƙara buɗe mana ƙofa. Mu ɗauki hotonsu gaba da baya, mu bar wa masu su abinsu. Kada mu warware damin mu jera yadda muka ga dama, gama yadda mai shi ya ɗaure su ma labari ne. Kada a liƙa musu gam, kada a bi rubutun da ya dushe da sabon alƙalami. Abin da ya fi gaggawa kuwa, mu zauna da mafi tsufa a gidan, namiji ko mace, mu karanta masa sunayen, mu rubuta abin da ya sani game da kowane, tun yana nan. In gidan sun yarda, a kai kwafi inda aka tanada domin haka, kamar Arewa House a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano. Kwafi biyu a wuri biyu ya fi, don ma'ajiya ma wuta na cinta: a Janairun 2013 an ƙone littattafan hannu wajen 4,000 a cibiyar Ahmad Baba ta Tumbuktu. Fataken teku sun daɗe da sanin wannan dabara, su kan aika wasiƙa ɗaya ta jirage biyu.

Muna kuma roƙon malamanmu masu koya mana dabarun koyarwa su duba wata shawara. Darasin rubuta wasiƙa da mu ke kai wa yara kusan kullum na neman aiki ne, ko na wani aboki da babu shi. Me zai hana a kawo musu ta falke ta gaske, su nemo garin a taswira, su juya shekarar Hijira zuwa ta Miladiyya, su lissafa ribar huhu goma bayan an fitar da kuɗin fito da na jaki? Ga tarihi, ga labarin ƙasa, ga lissafi a takarda guda. Yaron da ubansa ke Kantin Kwari zai ga sana'ar gidansu ta shigo aji da mutunci. Watakila ma ya koma gida ya tambayi inda a ke rubuta cinikin yau, tun da ya ke yanzu yawancinsa a wayar hannu a ke ƙulla shi da baki, ranar da wayar ta faɗa ruwa shi ke nan. Muna tsoron kada jikokinmu su san kasuwar 1890 fiye da yadda za su san tamu.

Takardun nan huɗu da suka tsira, masu gidan sun yarda an zo da su, suna wurinmu har ƙarshen wannan zango. Uku mun karanta. Ta huɗun rubutunta ƙanana ne, tawadar ta yi ja, akwai kuma wani sunan gari a layi na biyar da ya gagare mu duka, wasu na cewa Salaga ne, wasu na cewa Sansanne Mango. Duk wanda idonsa ya saba da rubutun mutanen da, ɗalibi ne ko malami, muna roƙonsa ya same mu ran Alhamis bayan la'asar a ɗakin karatu.